Neman shawara: yawon yini ɗaya a mota ta garuruwan bakin teku daga Kwatano

Baban Yara, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka san Jamhuriyar Benin, musamman 'yan kasuwarmu da direbobinmu da ke zirga-zirga zuwa Kwatano. Ƙanina, wanda ya daɗe yana kasuwanci a unguwar Zongo ta can, zai aurar da 'yarsa a hutun makaranta na watan Disamba, kuma in Allah ya yarda za mu je ni da maiɗakina da yara. Bayan an watse daga biki muna da yini guda da babu wata hidima a cikinsa, kuma ya ce zai ba mu motarsa tare da yaron da ke tuƙa ta mu je duk inda muke so.

Yaran nan ba su taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da suka sani shi ne na Matan Fada a Argungu da kuma Neja a Yawuri, don haka ina son su ga bakin teku da garuruwan da ke kansa da ƙauyukan da ke tsakani, ba kasuwar Dantokpa da cunkoson gari kaɗai ba. Abin da na tsara shi ne mu tashi bayan sallar asuba mu bi gaɓar teku har Lome, babban birnin Togo, mu ci abincin rana a can, mu juyo mu iso gida kafin isha'i. Na duba taswira na ga tsakanin Kwatano da Lome kimanin kilomita 150 ne, wato kamar daga nan Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, tafiyar da muke yi mu dawo a yini ɗaya ba tare da wahala ba. Shin wannan tsari zai yiwu? Waɗanne wurare ne suka cancanci a tsaya, kuma me ya kamata mai iyali ya kiyaye? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, Kamba

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai ku lafiya. Shawarata ta farko ita ce ka cire Lome daga lissafinka gaba ɗaya. Kilomitocin da ka gani a taswira daidai ne, amma tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato babu iyakar ƙasa, alhali tsakanin Kwatano da Lome akwai ta a Hillacondji, kuma za ka tsallaka ta sau biyu a yini ɗaya. Kowane mutum a motar sai an duba fasfonsa ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, da katin shaidar allurar rigakafin zazzaɓin shawara, ita ma motar sai an nemi takardunta da inshorar da ke aiki a ƙasashen ƙungiyar da takardar izinin shiga ta kwastan. Ko komai naka ya cika, lokacin da za ka ɓata a tsaye a rana da yara shi ne lokacin da ya kamata su kashe a bakin ruwa. Wanda ya nufi Lome ya dawo a yini ɗaya, abin da zai fi gani shi ne bayan manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashoshin jiragen ruwa.

Ka tsaya a Grand-Popo, wanda ke kimanin kilomita 80 daga Kwatano. Duk abin da kake son yara su gani yana tsakanin garuruwan nan biyu, kuma ba ka fita daga ƙasar Benin ba.

Hanyoyi biyu ne ke kai mutum garin Wida, wanda a allunan hanya za ka ga an rubuta Ouidah. Akwai babban titin da ya bi ta gadar sama ta Godomey da Pahou, wanda shi ne hanyar manyan motoci, kuma daga kansa ba a ganin teku. Akwai kuma hanyar masunta, wadda suke kira Route des Pêches, da ta faro daga unguwar Fidjrossè a bayan filin jirgin sama ta bi gaɓa ta Togbin da Adounko da Avlékété har ta ɓulla bakin tekun Wida, tafiyar kimanin kilomita 40. Ita nake so ku bi da safe. Teku zai kasance a hannunku na hagu, a dama kuma gonakin kwakwa da bukkokin masunta da aka yi da ganyenta, can bayansu kuma wani siririn tafki ne da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku. A da hanyar duk rairayi ce da jar ƙasa, daga baya gwamnati ta zuba kwalta daga Fidjrossè zuwa Adounko ta kuma ci gaba da aikin zuwa Wida, don haka yaron da zai tuƙa ku ya tambayi 'yan kabu-kabun unguwar tun daren jajibiri ko akwai inda aka karkatar da hanya. In motar ƙarama ce, kada ya yarda ya sauka daga kan hanya ya shiga rairayi don neman inuwa, domin taya na nutsewa nan take.

Ku fito da ƙarfe shida da rabi. A wannan lokaci ne za ku tarar da masunta suna jan taru daga cikin teku, maza a jere riƙe da igiya suna waƙa suna ja da baya, mata kuma na zaune da kwanoni suna jiran a fito da kifi. Ku tsaya ku kalla, amma a yi sallama a nemi izini kafin a ɗauki hoto, domin ba kowa ke so ba.

Daga Wida sai ku hau babban titi ku nufi yamma. Za ku haye gadar Guézin, inda ruwan tafkin Ahémé ke gangarawa ya nufi teku, ku wuce Comè, ku haye kogin Mono ku shiga Grand-Popo. Akwai shingen biyan kuɗin hanya a Ahozon, tsakanin Pahou da Wida, akwai kuma wani a wajen Grand-Popo, saboda haka ku riƙe canjin sefa ƙanana, kada ku dogara da naira. A sha mai a gidan mai tun daga Kwatano, a bar wanda ake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Kowa ya ɗaura bel, direba kuma ya rage gudu a cikin garuruwa, don 'yan sandansu ba su wasa da wannan. Ku bar Grand-Popo da ƙarfe huɗu ko huɗu da rabi, domin magariba a can ba ta kaiwa ƙarfe bakwai a Disamba, kuma titin da dare cike yake da babura marasa fitila.

Malamar Tarihi, Argungu

Malam, na goyi bayan abin da Baba direba ya faɗa, kuma ina roƙonka da ka ba Wida aƙalla awa uku daga cikin yinin nan, domin garin ba wurin shan iska ba ne kawai, kuma labarinsa ya shafe mu fiye da yadda yawancinmu muka sani.

Wida tana cikin manyan tashoshin da aka yi jigilar bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutanen da aka fitar ta wannan gaɓa sun haura miliyan ɗaya. Sarkin Dahomey Agaja ya ci garin da yaƙi a 1727, daga nan kuma cinikin ya koma hannun masarautarsa. Turawan Fotugal sun gina ganuwarsu a garin a 1721, kuma abin mamaki, ba su bar ta ba sai a 1961, shekara ɗaya bayan ƙasar ta sami 'yancin kai daga Faransa. Daga baya aka mayar da ginin gidan tarihi. Daga tsakiyar gari akwai hanya mai tsawon kimanin kilomita 4 da ta gangara zuwa teku, ita ce wadda ake kora bayi a kanta. Tana farawa daga dandalin Chacha, inda ake cinikinsu, wanda aka sa wa laƙabin Francisco Félix de Souza, ɗan kasuwar Birazil da ya zama babban dillalin Sarkin Dahomey Gezo ya kuma rasu a garin a 1849. A kan hanyar akwai wurin da ake cewa ana sa bayi su kewaya wata itaciya don su manta da garuruwansu, akwai inda ake kulle su a ɗaki mai duhu kafin jirgi ya iso, akwai kuma ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin a kai ga ruwa. A ƙarshenta, a kan rairayin teku, akwai babbar ƙofar tunawa da aka gina a 1995 da haɗin gwiwar UNESCO, wadda ake kira Ƙofar da Ba a Dawowa. Da yake ku ta hanyar masunta za ku zo, ƙofar za ku fara tararwa. Ina ba da shawara ku wuce ta ku shiga gari tukuna, ku sami ɗan jagora, sannan ku biyo hanyar daga farkonta zuwa teku kamar yadda mutanen suka bi ta. In yaran sun yi wayo, ku sauka ku taka wani sashe da ƙafa.

Abin da nake so ka faɗa wa yaranka a wurin shi ne, cikin waɗanda aka kora zuwa tashoshin wannan gaɓa, wato Wida da Porto-Novo da Badagiri da Legas, akwai Hausawa, kuma akwai Musulmi masu karatu. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa mutane da yawa daga ƙasashenmu cikin bauta, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Yarabawa har bakin ruwa. A jihar Bahia ta Birazil, Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sannan a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi, mafi yawansu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salvador, kuma an sami layu da rubuce-rubucen Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan wannan bore an koro da yawa zuwa Afirka, wasu kuma suka dawo don kansu, suka zauna a Wida da Agoué da Porto-Novo da Legas. Zuriyarsu na nan har yau da sunayen Fotugal, kuma su ne suka kawo salon ginin benaye masu ado da za ku gani a tsofaffin unguwannin Wida.

Akwai mutum ɗaya da labarinsa ya iso mana daga bakinsa, Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Djougou, garin da ke kan tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja, kuma ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. An kama shi aka fitar da shi ta Wida wajen 1845 zuwa Birazil, ya tsere daga jirgi a New York a 1847, aka kuma buga tarihin rayuwarsa a 1854. Duk lokacin da na koyar da wannan darasi nakan ga ɗalibai sun ɗauka abu ne da ya faru ga wasu mutane can nesa, har sai na ambaci Katsina. Kuma kada a ɓoye wa yara cewa Turawa sun saya ne daga hannun sarakuna da 'yan kasuwa baƙar fata, kuma ƙasashenmu na arewa ba su kuɓuta daga wannan laifi ba.

Kafin ku bar yankin, ku ɗan tsaya a Djègbadji, ƙauyen da ke dab da ƙofar. Matan garin suna kankaro ƙasa mai gishiri daga fadamar tafki, su zuba a manyan kwanduna, su tace da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe ya bar gishiri. Duk wanda ya san yadda ake yin gishirin Foga a yankin Gaya, wanda kakanninmu na Kabi suka yi ta fataucinsa, zai gane aikin da kallo ɗaya.

Alhaji, Jega

Assalamu alaikum. Malama ta yi bayani mai amfani, Allah ya ƙara ilimi. Ni abin da zan ƙara ya shafi addini ne. Wida cibiyar addinin gargajiya ce da suke kira vodun, kuma 'yan jagora za su so su kai ku ɗakin da ake ajiye mesa ana girmama ta, wanda ke fuskantar babban cocin garin, da kuma kurmin Kpassè da suke ɗauka mai tsarki. A ɗakin mesar sukan rataya wa baƙo ita a wuya a ɗauke shi hoto. Ni ban ga dalilin kai yara wurin ba, kuma in ka gaya wa ɗan jagora tun farko cewa tarihin bayi kaɗai kuka zo gani, ba zai matsa ba. Mutanen suna da ladabi, mu ma mu girmama su a garinsu, kada yara su yi dariya ko su taɓa abin da suka gani an ajiye a gindin itace ko a mararraba. Babban bikinsu na shekara yana kamawa ne a cikin watan Janairu, garin kuma yakan cika maƙil a kwanakin, to ku da za ku je a Disamba kun tsira daga cunkoson.

Akwai masallatai a Wida da Comè, amma daga kun shiga ƙauyukan gaɓa sai a yi tafiya mai nisa ba a ga ko ɗaya ba, don haka a tafi da buta da darduma da jarkar ruwa. Alƙibla daga can tana gabas maso arewa, teku kuma yana kudu, wato in ka tsaya salla teku zai kasance a damanka, ya ɗan koma bayanka. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, abin da ke cikinsa kuma halal ne kamar yadda ya zo a hadisi, sai dai a ɗebo a buta a koma nesa, kada a tsuguna a bakinsa.

Da ni ne, da gabas zan yi, in je Porto-Novo, wadda ita ce babban birnin ƙasar a hukumance kuma tana kimanin kilomita 30 daga Kwatano, in ga babban masallacinsu da aka gina da salon mutanen da suka dawo daga Birazil, in kuma shiga cibiyar noma ta Songhai, inda ake haɗa kiwon kifi da kaji da noman lambu ta yadda sharar wani ke zama abincin wani. Manomin Kebbi zai ƙaru a wurin. Amma na san teku yara ke so, kuma ta wannan ɓangaren yamma ta fi.

Ɗan Masunta, Yawuri

Malam, ni a bakin ruwa aka haife ni, kuma saboda haka nake so ka ɗauki maganar da zan faɗa da muhimmanci. Kada kowa ya shiga tekun nan, ko babba ko yaro, ko da ya iya iyo. Mu mutanen Kebbi muna da wani ƙarfin hali a kan ruwa, saboda mun saba da gulbi tun muna ƙanana, kuma wannan sabon shi ne haɗarin. Gulbi gaba ɗaya yake tafiya, ka san inda ya nufa, ka san inda za ka fita. Tekun Benin kuwa gaɓarsa a tsaye take, taku kaɗan ƙasa ta ƙare, igiyar ruwa tana dukan mutum ta kayar da shi, sannan in za ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta ja shi ciki. Su kansu masuntan wurin sai sun tsaya sun ƙirga igiyoyi kafin su tura jirgi. Yara su tsaya inda rairayi yake a bushe, in kuma ana so ruwa ya taɓa ƙafarsu, babba ya riƙe hannunsu gam, kuma kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. In suna son wanka, akwai masaukai a Grand-Popo da ke da wurin iyo na siminti, a biya su shiga.

Abin da zai fi burge ɗan Kebbi a Grand-Popo, a ganina, kogin Mono ne. Ya taso daga ƙasar Togo, kuma da ya iso dab da teku sai ya ƙi shiga, ya karkata gabas ya yi ta tafiya a bayan wani siririn tudun rairayi, teku a gefe ɗaya kogi a ɗaya gefen, har ya sami mafita a wurin da ake kira Bouche du Roy. Ana zuwa wurin da jirgin ruwa mai inji daga Grand-Popo ko daga ƙauyen Avlo. A hanya za ku ratsa ta cikin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a cikin ruwa, inda kifi da ƙaguwa da jatan lande ke hayayyafa, ku ga tsibirai da ƙauyuka da tsuntsaye iri-iri. UNESCO ta sanya wannan yanki na bakin Mono cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2017, kuma kunkurun teku na fitowa su yi ƙwai a rairayin wurin. Tafiyar takan ci awa biyu zuwa uku, don haka sai kun iso Grand-Popo da wuri za ta yiwu. Kada ku shiga jirgin da ba shi da rigunan kariya da suka isa kowa, kuma kada a yarda a cika shi. Mu a nan mun san abin da lodin da ya wuce kima ya jawo mana a kan Neja, ba sai an tuna wa kowa ba.

In kun shiga tsohuwar unguwar garin, wajen Gbècon, za ku ga ragowar gine-ginen 'yan kasuwa na zamanin cinikin manja, da yawansu kuma teku ya riga ya cinye. Dalilin yana da alaƙa da abin da muka sani a gida. Ruwan gaɓar yana kwasar rairayi daga yamma ya kai gabas, kuma asalin rairayin daga koguna yake zuwa, musamman Volta ta Gana. Da aka gina madatsar Akosombo a 1965 sai rairayin ya riƙa kwanciya a bayanta, sannan katangun tashoshin jiragen ruwa na Lome da Kwatano suka tare ragowar, garuruwan da ke gabas da su kuma teku ya shiga ci. Mu ma da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka na ƙasar Yawuri, aka tashi dubban mutane, kamun kifi da noman fadama suka canza har yau. Yaro ɗan makaranta in ya ga wancan zai fahimci wannan.

A gadar Guézin ku rage gudu ku dubi ruwan. Wataƙila ku ga rassan itace a kakkafe a cikin tafki, wata dabara ce ta tara kifi da suke kira acadja, inda kifi ke samun mafaka da abinci har ya girma a kewaye shi da taru. In da lokaci, daga Comè akwai hanyar da ta yi arewa ta bi gefen tafkin Ahémé zuwa Possotomè, garin da ruwan kwalbar da za ku yi ta gani a shaguna ya samo sunansa, amma ba na jin yini ɗaya zai ɗauki wannan da tafiyar jirgi duka. Ka zaɓi jirgi.

Kuma in kun dawo gida lafiya, ka kawo su Yawuri ta Jega da Koko, su kwana, mu shiga da su tafki da sassafe.

Maman Biyu, Birnin Kebbi

Baban Yara, ka isar wa maiɗakinka wannan saƙo daga gare ni. Ta dafa abincin rana tun daga gida ta zuba a kula, domin a masaukan bakin teku sai an yi oda ake ɗora tukunya, ana iya jira awa guda yara na kuka, kuma ba ko'ina za ku natsu da naman ba. In za ku saya, ku tsaya a kan gasasshen kifi, kuma a tambaya da wane mai aka yi miya. Ruwan ɗanyar kwakwa da ake fasawa a gabanku yana da kyau ƙwarai, haka ma abarbarsu doguwa mai farin ciki wadda ake nomawa a yankin Allada, ba ta da tsami ko kaɗan. Duk abin sha da aka miƙo a kwalba marar hatimi a bar shi, don suna da wata barasa ta bammi mai kama da ruwa. A ɗauki huluna da kayan canji da tawul, saboda zafin can mai gumi ne ko a Disamba, kuma rairayi na shiga ko'ina. A ɗauki maganin sauro na shafawa saboda yamma a bakin tafki, da leda da lemun tsami saboda yaron da jirgi zai iya tayar wa zuciya. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai ɗauke da lambar wayar ƙanin naka, tun da Faransanci ake yi a can, Hausa kuma daga an bar Zongo da kasuwanni sai a daɗe ba a ji ta ba.

Baban Yara, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Na haƙura da Lome. Za mu bi hanyar masunta da safe, mu yi hantsi a Wida kamar yadda Malama ta tsara, mu yi azahar a can, sannan mu wuce Grand-Popo. Na karanta wa babban ɗana labarin Baquaqua, tun jiya yake tambayata ko mutumin ya sake ganin mahaifiyarsa. Saura tambaya ɗaya ga Baba direba da ɗan'uwana na Yawuri. In muka ba Wida awa uku muka tsaya salla, ba za mu isa Grand-Popo ba sai wajen ƙarfe biyu, ga kuma sharaɗin barin garin da ƙarfe huɗu da rabi. Shin tafiyar jirgin za ta shiga wannan tsakanin, ko mu fara da ita da safe mu dawo ta Wida da yamma?

Tsohon Direba, Kamba

Malam, kada ka juya tsarin, domin in ka bi babban titi da safe ka rasa jan taru, kuma hanyar Wida ba ta daɗin takawa da la'asar ana sauri. Ka matso da komai gaba ne. In kun fito shida da rabi, kuka tsaya wajen masunta da wajen masu gishiri, za ku shiga Wida kafin ƙarfe tara, ku gama sha biyu, ku kama hanya ku yi azahar a Comè maimakon Wida, ku ci abincin kula a bakin kogi da ƙarfe ɗaya da rabi. Ƙaninka ya sa a yi magana da mai jirgi tun kwana ɗaya kafin nan, a daidaita kuɗi, a gaya masa awa biyu kuke da ita, ya jira ku a Avlo, wanda ya fi kusa da bakin kogin, don a rage tafiyar ruwa. In kuka ga ƙarfe biyu da rabi ta wuce ba ku shiga jirgi ba, ku ce ya ɗan zaga da ku cikin itatuwan nan na kusa ya dawo da ku, ku yi la'asar a Grand-Popo ku kamo hanya.